Yadda Ake Lissafin Iska da Igiyar Ruwa a Rufaffen Ruwa: Daga Tekun Kasfiyan Zuwa Madatsar Bakolori

Gabatarwa

Jihar Zamfara ba ta yi iyaka da teku ba. Daga Gusau zuwa bakin teku mafi kusa tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, don haka mai karatu na iya ɗauka cewa ilimin igiyar ruwa na mutanen Legas da Fatakwal ne kawai. Al'amarin ba haka yake ba. Kogin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu kafin ya isa Bakolori kusa da Talata Mafara, inda aka datse shi a 1978. Tafkin da ya taru a bayan wannan madatsa yana iya ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 450, faɗinsa ya kai kimanin hekta 8,000, tsawonsa kuwa kimanin kilomita 19. Duk inda ruwa ya shimfiɗu haka, iska za ta tayar da igiya a kansa. Igiyar nan tana cin jikin madatsa, tana kifar da kwale-kwale, tana kuma da hannu a yadda kifi da ƙwayoyin cuta suke rayuwa a cikin ruwan.

Wannan maƙala za ta bayyana yadda masana suke lissafin ƙarfin iska da girman igiya a ruwan da ƙasa ta kewaye, da abin da wannan lissafi yake nufi ga tafkuna da madatsun ƙasarmu.

Mene Ne Rufaffen Ruwa?

Rufaffen ruwa shi ne wanda ƙasa ta zagaye shi ta kowane gefe, ko kuma ta bar masa 'yar ƙofa ƙarama kawai zuwa babban teku. Bahar Rum da Bahar Maliya da Baƙin Teku suna da irin wannan ƙofa. Tekun Kasfiyan kuwa, wanda ƙasashen Rasha da Kazakistan da Turkumenistan da Iran da Azarbaijan suka kewaye, ba shi da ƙofa ko ɗaya. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 371,000 ne, ya zama ruwa mafi girma a duniya da ƙasa ta rufe. A kusa da mu akwai Tafkin Chadi, sannan akwai tafkunan da ɗan Adam ya yi, kamar Kainji da aka kammala a 1968, da Tiga a 1974, da Bakolori, da Goronyo.

Bambancin irin wannan ruwa da buɗaɗɗen teku yana da muhimmanci. Igiyar da take dukan gaɓar Legas, sau da yawa iskar da ta tayar da ita tana can kudancin Tekun Atlantika, dubban kilomita daga Nijeriya. Igiyar tana tafe kwana da kwanaki, ta iso doguwa, mai tafiya a natse. A rufaffen ruwa babu baƙuwar igiya irin wannan. Duk igiyar da aka gani, iskar wurin ce ta haife ta, a ranar ko a daren da ya gabata. Saboda haka wanda ya san iskar wurin, ya san siffar tafkin da zurfinsa, yana iya faɗin girman igiyar da za a samu.

Abubuwa Huɗu da Suke Yanke Girman Igiya

Idan iska ta bi ta kan ruwa, takan goge shi ta tayar da ƙananan kunyoyi kamar na gona. Da zarar kunyoyin sun fito, iska ta sami abin turawa, sai su yi ta girma. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa ruwan kansa ba ya tafiya da igiyar. Idan aka jefa ƙwarya a tafki za a ga tana hawa tana sauka kusan a wuri ɗaya, igiya kuwa tana wucewa. Abin da yake tafiya shi ne ƙarfin da iska ta zuba a cikin ruwan.

Girman igiya ya dogara ga abubuwa huɗu. Na farko shi ne gudun iska. Na biyu shi ne zangon iska, wato nisan da iska ta yi tana tafiya a kan ruwa tsantsa ba tare da tsibiri ko gaɓa sun tare ta ba. Na uku shi ne daɗewar iskar tana busawa ta fuska ɗaya. Na huɗu shi ne zurfin ruwa, domin igiya takan fara jin ƙasa idan zurfin ruwa ya gaza rabin tsawonta, kuma takan fashe idan tsayinta ya kusa kai kashi 8 cikin 10 na zurfin wurin.

Zangon iska shi ya sa gefe biyu na tafki ɗaya ba sa zama daidai. Gaɓar da iska take tasowa daga gare ta tana nan kwance lumui, ita kuwa gaɓar da iskar take dosa tana shan duka. Masunta sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke zaɓen inda za su ɗaure jiragensu gwargwadon lokacin shekara.

Taƙaitaccen Tarihin Lissafin

A tsakiyar ƙarni na 19 wani injiniya ɗan Sikotilan mai suna Thomas Stevenson, wanda aikinsa gina fitilun teku da tasoshin jiragen ruwa, ya lura cewa tsayin igiya yana ƙaruwa da zangon iska, amma ba kai-tsaye ba. Sai an ninka zango sau huɗu kafin igiya ta ninka sau biyu. Injiniyoyin madatsa sun daɗe suna aiki da wannan ƙa'ida tasa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka ɗauki maganar da gaske, domin sojojin ƙawance suna bukatar sanin ranar da za su iya sauke dakaru a gaɓa ba tare da igiya ta kifar da ƙananan jiragensu ba. Masana biyu a Amurka, Harald Sverdrup da Walter Munk, suka tsara hanyar hasashen igiya daga gudun iska da zangonta da daɗewarta. An wallafa aikinsu a 1947, Charles Bretschneider kuma ya gyara shi a 1952. Daga baya, a 1968 da 1969, wata ƙungiyar masana ta jera na'urori a Tekun Arewa, daga gaɓar tsibirin Sylt na Jamus zuwa cikin teku, suka auna yadda igiya take girma tun daga bakin gaɓa. Jagoran wannan aiki, Klaus Hasselmann, shi ne ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2021 saboda aikinsa a kan lissafin yanayin duniya.

Lissafin da Ɗalibi Zai Iya Yi

Daga wancan awo na Tekun Arewa an sami wata ƙa'ida mai sauƙi ga ruwa mai zurfi. A ɗauki gudun iska da mita a daƙiƙa, a ninka shi da tushen murabba'in zangon iska da kilomita, sannan a ninka abin da aka samu da 0.016. Amsar ita ce tsayin igiya da mita.

A ce iska tana gudun mita 10 a daƙiƙa, wato kilomita 36 a awa. A ƙaramin ruwa mai zangon kilomita 1, kamar wanda yake taruwa a bayan madatsar Gusau, igiyar ba za ta wuce santimita 16 ba. Idan iskar nan ta sami zangon kilomita 9, abin da tafki mai tsawon Bakolori zai iya ba ta idan ta bi tsawonsa, tushen murabba'in 9 shi ne 3, sai igiya ta kai santimita 48. Idan gudun iskar ya ninka ya zama mita 20 a daƙiƙa, igiyar za ta kusa mita ɗaya. Irin wannan iska a kan zangon kilomita 25 tana ba da mita 1.6, a kan zangon kilomita 400 kuwa, irin wanda ake samu a Tekun Kasfiyan, ta ba da mita 6.4.

Akwai sharaɗi guda: dole iskar ta daɗe. Kafin igiya ta cika girmanta a zangon kilomita 9 da iskar mita 10, sai an yi kusan awa 2 ana busawa. A zangon kilomita 400 da iskar mita 20 sai an yi kusan awa 18. Iskar da ta taso ta faɗi cikin minti 20 ba za ta kai igiya ga cikakken girmanta ba.

Har ila yau, adadin da wannan lissafi yake bayarwa ba shi ne tsayin kowace igiya ba. Masana sukan jera igiyoyi daga babba zuwa ƙarama, su ware kashi ɗaya cikin uku mafi girma, su ɗauki matsakaicinsu. Cikin kowace igiya 1,000 akan sami ɗaya da ta kusa ninka wannan adadi. A tafki, inda igiya take zuwa kusan duk daƙiƙa 3, igiya 1,000 sukan wuce cikin minti 50. Mai tuƙa kwale-kwale da ya yi awa guda a kan ruwa ya sa rai zai gamu da wannan babbar.

Yadda Kwamfuta Take Yin Aikin

Lissafin hannu yana ba da amsa ga wuri ɗaya da iska ɗaya. Tafki na gaske yana da lunguna da tsibirai, zurfinsa ya bambanta, iska kuma tana sauya fuska. A nan ne ake amfani da samfurin lissafi, wato tsarin ƙa'idoji da ake sa wa kwamfuta don ta kwaikwayi abin da ruwa yake yi.

Da farko akan raba taswirar ruwan gida-gida kamar gurabun dara, a rubuta zurfin kowane gida. Sannan a ba kwamfuta gudun iska da fuskarta a kan kowane gida, awa bayan awa. A kowane gida kwamfutar tana yin lissafi irin na ɗan kasuwa: nawa ne ƙarfin da ya shigo daga iska, nawa ya shigo daga gidajen maƙwabta, nawa ya fita zuwa gaba, nawa ya ɓace saboda fashewar igiya da gugar ƙasa. Akwai kuma ƙarfin da gajerun igiyoyi suke miƙa wa dogaye, wanda shi ne ya sa igiya take ƙara tsawo yayin da take nisa da gaɓa. Abin da ya rage a gidan shi yake nuna tsayin igiya da tsawonta da inda ta dosa.

Shahararrun samfura uku ne. WAM ya fito a 1988 daga haɗin gwiwar masana na ƙasashe da dama. WAVEWATCH III shi hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka take amfani da shi. SWAN kuwa an tsara shi a Jami'ar Delft ta ƙasar Holan a shekarun 1990 musamman don ruwa marar zurfi, bakin gaɓa da tafkuna, kuma ana samun sa kyauta ta intanet.

Don a san ɗabi'ar igiyar wuri, ba hasashen gobe kaɗai ake yi ba. Akan koma baya a ba kwamfuta iskar shekara 30 ko 40 da suka wuce, ta fitar da igiyar kowace awa. Daga nan a ƙirga: wane wata ne ya fi haɗari, wace gaɓa ce ta fi shan duka, wace igiya ce ake sa ran gani sau ɗaya cikin shekara 50 ko 100. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai tana da taskar bayanai mai suna ERA5, wadda ta ƙunshi iskar duniya ta kowace awa tun daga 1940. Daga ƙarshe dole a gwada amsar kwamfuta da awo na gaske, ko dai na na'urar da take yawo a kan ruwa ko na tauraron ɗan Adam mai auna tsayin igiya, irin TOPEX/Poseidon da aka harba a 1992. Samfurin da ba a gwada ba zato ne kawai.

Darasi Daga Kasfiyan da Chadi

Tekun Kasfiyan ya nuna tasirin zurfi ƙarara. Kudancinsa ya haura mita 1,000 a zurfi, arewacinsa kuwa bai wuce mita 5 zuwa 6 ba a matsakaici. A tsakiya da kudu, inda ake haƙar mai a cikin ruwa kusa da Baku, iskar arewa takan tayar da igiya mai mita da yawa. A arewa ƙasa ba ta barin igiya ta girma, amma wata matsala ta daban takan taso: iska tana tura ruwan gaba ɗaya ya taru a gefe guda, ya malala kan ƙasa mai shimfiɗa. Wannan taruwa tana ƙaruwa da tsawon zango da ƙarfin iska, tana kuma ƙaruwa idan ruwa ba shi da zurfi. Bugu da ƙari, ruwan Kasfiyan ya ragu da kimanin mita 3 tsakanin 1929 da 1977, ya ƙaru da kimanin mita 2.5 zuwa 1995, sannan ya sake komawa raguwa. Duk lokacin da zurfi ya sauya, dole a sake lissafin.

Tafkin Chadi ya fi kama da arewacin Kasfiyan. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma zurfinsa 'yan mitoci ne kawai. Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi ƙwarai, ya kuma raba shi gida biyu, arewa da kudu. Wuraren da suka kasance buɗaɗɗen ruwa suka koma fadama mai ciyayi da tsibirai. Ciyayin sun yanke zangon iska, igiya ta ragu, raguwar igiya kuma ta ba ciyayin damar ƙara kafuwa. A nan ilimin iska da ilimin halittu suka haɗu.

Iskar Ƙasarmu

Iska iri biyu suke mulkin shekara a Zamfara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris iskar hunturu take busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Ba ta cika tsanani ba, amma tana daɗewa ta fuska ɗaya, musamman da hantsi, don haka igiyarta takan cika girmanta, ta yi ta cin gaɓar kudu maso yamma. Da damina iskar kudu maso yamma ce take zuwa da laima daga Atlantika, sai duka ya koma ɗaya gaɓar.

Ta uku, wadda ta fi haɗari, ita ce iskar hadari. Manomin Tsafe ko Bunguɗu ya san cewa hadari daga gabas yake haɗowa, kuma kafin ruwa ya sauko akwai iska mai ƙarfi da take kware rufin kwano ta karya rassa, musamman a farkon damina da ƙarshenta. Wannan iska takan zo farat ɗaya. Ko da ba ta daɗe ba, igiyar da take tayarwa gajera ce mai tsini, tana zuwa a jere ba hutu, iskar kanta kuma tana tura jirgi ta gefe. Ƙarfin turin iska yana ninkawa sau huɗu idan gudunta ya ninka sau biyu.

A nan ne raunin manyan samfura yake. Kowane gida na ERA5 ya kai kimanin kilomita 31 a kowane gefe, wato tafkin Bakolori gaba ɗaya bai cika kashi ɗaya cikin goma na gida guda ba. Iskar hadari ta minti 20 takan narke a cikin matsakaici, duwatsu irin na Kwatarkwashi da suke karkata iska kuma ba sa fitowa sosai. Hukumar NiMet tana da tashar awon yanayi a Gusau, amma iskar kan ruwa takan fi ta kan tudu gudu, domin babu itatuwa da gine-gine da za su rage ta. Abin da ake bukata shi ne na'urar awon iska a bakin tafkin kansa, a tsayin mita 10 kamar yadda ƙa'ida ta tanada, da sabon awon zurfi, tun da yashi da laka suna cike madatsunmu shekara bayan shekara.

Abin da Wannan Ilimi Yake Karewa

Na farko shi ne madatsar kanta. Mafi yawan jikin madatsar Bakolori da ƙasa aka gina shi, kuma babban abokin gabar madatsar ƙasa shi ne ruwa ya tsallake kanta. Saboda haka injiniya yakan bar tazara tsakanin cikar ruwa da kan madatsa, wadda za ta ɗauki taruwar ruwa da hawan igiya tare, ya kuma jera manyan duwatsu a fuskar da take kallon ruwa. Nauyin dutsen da ake bukata yana ƙaruwa sau takwas idan tsayin igiya ya ninka sau biyu.

Na biyu shi ne rayukan masu fito. A Mayun 2021 jirgin da ya nufi Warra a Jihar Kebbi ya nutse da fasinjoji masu yawa, a Satumban 2024 kuma kwale-kwale ya kife da manoma a Gummi, aka yi asarar rayuka gommai. A irin waɗannan haɗurra lodi fiye da kima shi ne kan gaba. Lissafin igiya yana nuna dalilin da ya sa lodi yake kisa: jirgin da aka cika har bakinsa ya rage santimita 15 daga ruwa, igiyar da iskar hantsi kawai take tayarwa ta isa ta shiga cikinsa. A Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, inda hadarin dare yake hallaka masunta da yawa, hukumar yanayi ta duniya ta gudanar da wani shiri daga 2017 zuwa 2021 na isar da hasashen iska da igiya ga masunta ta rediyo da waya da tutoci a mashaya. Babu abin da zai hana a yi irin wannan a Kainji da Bakolori da Goronyo, da harshen Hausa, ta hannun sarakunan ruwa.

Na uku shi ne rayuwar cikin ruwa. Da bazara rana takan dumama ruwan sama ya yi sauƙi, ya zauna a kan mai sanyi na ƙasa, su daina cuɗanya. Ruɓewar ganyaye da tarkace takan cinye iskar oksijin ta ƙasan. Iska da sanyin hunturu su ne suke juya ruwan, su kai oksijin ƙasa, su ɗauko abinci zuwa sama, inda ƙananan tsirrai masu ciyar da karfasa suke yaɗuwa. Idan kuwa juyin ya zo farat ɗaya bayan doguwar natsuwa, ruwan da ba shi da oksijin yana iya tasowa ya kashe kifi, abin da masu kiwon kifi a keji ya kamata su sani. Daɗin daɗawa, katantanwar da take ɗauke da ƙwayar tsargiya ba ta jure dukan igiya. Ta fi son lungu mai kwanciyar ruwa da ciyayi, haka ma tsutsar sauro. Taswirar igiya tana iya nuna wa ma'aikatan lafiya mashayar da ya kamata su fara dubawa.

Aiki ga Ɗalibai

Malami na iya kai ɗalibai bakin kududdufi ko ƙaramar madatsa da hantsin hunturu. A kafa sanda mai alamar santimita a gaɓar da iska take tasowa, a kafa wata a gaɓar da take dosa, a ruwan da bai wuce gwiwa ba. A auna tazarar da ke tsakanin ƙololuwar igiya da kwarinta a kowace sanda, a ƙirga igiyoyin da suka wuce cikin minti ɗaya. A auna faɗin ruwan da taku, a gwada da lissafin da aka kawo a sama. Sannan a dubi inda kainuwa da bado suka taru, da inda gaɓa ta zaizaye. A sa takalmin roba, kada a shiga ruwan da ƙafa tsirara saboda tsargiya.

Kammalawa

Ƙa'idar da take aiki a Tekun Kasfiyan ita ce take aiki a Bakolori da kududdufin bayan gari: gudun iska, zangonta, daɗewarta da zurfin ruwa. Samfuran lissafi suna nan kyauta, kwamfutar ofis kuma ta isa ta ɗauki tafki mai girman namu. Abin da ya rage shi ne awo na wurin, na iska da zurfi da igiya, wanda ake rubutawa kullum shekara da shekaru. Wannan aiki ne da jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, da makarantun sakandare na kusa da ruwa za su iya yi tare. Ɗalibin da yake son lissafi ko ilimin halittu ko labarin ƙasa yana da gurbi a cikinsa.